Ranar da Na Zare Filogi a Kebbe

Akwai abubuwan da na manta da gangan, akwai waɗanda suka ɓace da kansu, amma ranar da na zare filogin akwatin intanet a Kebbe ba ta cikin ko ɗaya. Har yau in na ga jar fitila tana ƙiftawa a jikin wata na'ura, sai in ji hannuna na dama ya yi nauyi. Ba zan manta da wannan rana ba, kuma gaskiya ba na ma son in manta.

Bari in fara faɗin halina da bakina kafin wani ya riga ni. Ba ni da haƙuri. In mutum ya fara magana, kafin ya kai tsakiya na riga na yanke abin da zai ce, na kuma ba shi amsa. Doguwar gaisuwa tana ci mini rai. A gidanmu an yi faɗa, an yi nasiha, an gaji an bar ni.

Da na gama sakandare ban samu ci gaba da karatu ba, sai na shiga wani shagon kwamfuta a Tambuwal ina buga takardu. Mai shagon injiniya ne, mutum mai sanyi kamar ruwan randa, wanda in ka tambaye shi ƙarfe nawa sai ya fara ba ka labarin yadda aka ƙera agogo. Shi ya kakkafa dogayen ƙarafa yana raba intanet ga makarantu da ofisoshi da ɗakunan shan magani, daga Tambuwal har Jabo har Kebbe. Da ya ga hannuna yana da sauri, sai ya tura ni in riƙe ƙaramin shagonsa na Kebbe, inda nake zaune wurin gwaggona. Kwamfuta huɗu ce a shagon, da firinta ɗaya mai taurin kai, da wani baƙin akwati a maƙale jikin bango mai fitilu kore. Shi ne rauta, wato mararrabar da duk saƙon da zai fita ko zai shigo sai ya bi ta cikinta.

A lokacin ilimina na gyara guda ɗaya ne tak: kashe ka kunna. Firinta ta ƙi, kashe ka kunna. Kwamfuta ta daskare, kashe ka kunna. Kuma yana yi, shi ya sa na raina duk wani dogon bayani. Tsohon akwatin da muke da shi da farko ma haka nake masa, in zare, in ƙirga goma, in mayar, ya tashi garau.

Wata rana injiniya ya zo da sababbin akwatuna ya canza duka. Ya zaunar da ni yana bayani. Abin da na iya riƙewa shi ne wai kowane rauta aiki biyu yake yi. Na farko shi ne tunani: ya san hanyoyin da ke akwai, wace ce ta mutu, wace ce ta cika, wa aka yarda ya shiga, sannan ya rubuta jadawalin inda kowane saƙo zai bi. Na biyu shi ne miƙawa: saƙo ya zo, ya dubi adireshinsa, ya dubi jadawali, ya tura shi gaba, ba tambaya. Ya ce tsofaffin akwatunanmu kowanne tunani da miƙawa a haɗe suke, kai da hannu wuri ɗaya, shi ya sa in zai canza abu ɗaya sai ya hau mashin ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Yanzu ya raba aikin. Tunanin ya koma wata kwamfuta guda a Tambuwal da yake kira kwantirola, su kuma akwatunan miƙawa kawai suke yi. Ya kawo misalin tasha, wai mai rubuta lodi daban, 'yan kabu-kabu masu ɗaukar kaya daban. Ya ci gaba da wani abu kuma, amma ni a nan na sauka. Ina ta gyaɗa kai ina cewa to, to, idona yana kan takardun da ke jirana. Na tuna na tambaye shi abu ɗaya, ko intanet ɗin zai ƙara sauri. Ya ce zai ƙara. Na ce shi ke nan.

Yanzu sai Malama. Ita ta koyar da ni a aji uku na firamare, kafin a mayar da ita Kebbe. Mace ce da ta manyanta, ba ta ɗaga murya, amma in ta dube ka ta saman tabarau sai ka gyara zama. Shekara shida tana karatun digiri daga nesa, tana koyarwa da safe, tana karatu da yamma. Abin da ya rage mata shi ne ta kare kundinta gaban malaman jami'a, kuma ta bidiyo za a yi. A shekarar da ta gabata ta rasa nata lokacin saboda jinyar maigidanta. An ba ta wannan a matsayin dama ta ƙarshe: ranar Talata, ƙarfe sha ɗaya na safe. In ba ta bayyana ba, sunanta ya fita, shekara shidan nan sun tafi. Sabis ɗin waya a unguwarsu kira kawai yake ɗauka, bidiyo kam sai dai ka ga fuskar mutum ta tsaya baki buɗe. Don haka tun sati biyu kafin ranar ta zo ta kama wuri a shagonmu. Sau uku muna gwaji. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ni ce nan.

Ranar Talatar an kwana ana ruwa, gari ya waye da laka. Ina buɗe shago na ga saƙon murya daga injiniya a zauren waya da ya haɗa mu ma'aikatansa. Minti biyar da wani abu. Na danna. Sallama, ina kwananku, ina gajiya, yaya ruwa, yaya iyali, ina fatan kowa ya tashi lafiya, Allah ya sa damina ta yi albarka. Da ya kai ga tambayar jikin mahaifiyar wani abokin aikinmu na Jabo, sai na kashe. Na ce in akwai magana zai kira.

Wajen ƙarfe goma Malama ta iso da 'yar kwamfutarta a jaka, ta sha sabon mayafi ruwan toka, takalmanta duk laka. Na goge mata tebur, na juya shi yadda hasken taga zai faɗo a fuskarta. Muka haɗa kwamfutarta, muka gwada, komai lafiya, hoto tar, murya tar. Ta buɗe kundinta tana bita, leɓunanta suna motsi.

Sai idona ya kai kan akwatin. A cikin fitilun nan kore akwai guda ɗaya ja, tana ƙiftawa. Ban taɓa ganinta ba.

Ku lura da wannan, don ni a lokacin ban lura ba: intanet yana aiki. Ba abin da ya tsaya. Na buɗe shafi, ya buɗu. Amma jar fitilar nan ta tsaya mini a rai. Na ce a zuciyata, yanzu wannan abin zai jira sai Malama ta fara magana sannan ya mutu. Gara in gyara shi tun da sauran lokaci. Na dubi agogo, sha ɗaya saura minti arba'in. Ban kira kowa ba, ban ce wa Malama komai ba. Na miƙa hannu na zare filogi, na ƙirga goma, na mayar.

Akwatin ya tashi. Fitilar wuta ta kama. Jar ta dawo tana ƙiftawa. Sauran korayen kuwa, ko ɗaya.

Na jira minti ɗaya, na sake zarewa. Na sake. A karo na uku har da hura bakin filogin, kamar wannan ne zai yi wani abu. Malama ta ɗago ta ce hoton ya ɗauke. Na ce yanzu zai dawo. Muryata da kanta ba ta yarda da ni ba.

Na kira injiniya. Yana cikin bas a hanyar Sakkwato, ina jin ƙarar inji da kukan akuya. Wannan karon shi ne bai yi gaisuwa ba. Na ce intanet ya mutu a Kebbe. Ya ce, "Ke, mi kit taɓa?"

Na ce filogi kawai na zare.

Ban taɓa jin ya ja numfashi irin na ranar ba. Ya ce kwantirola ce ta ƙone da asuba, abin da ke ba ta wuta ya lalace, shi ne zai je sayowa. Jar fitilar cewa take yi akwatin ba ya jin Tambuwal, ba cewa take ya mutu ba. Ya ce duk akwatunan suna riƙe da jadawalin da aka ba su jiya, kuma za su yi ta miƙa saƙo da shi har ya dawo, muddin ba a kashe su ba. "Wanga akwati hannu ne, ba shi da kai. Abin da anka rubuta mashi, a ka yake riƙe da shi, ba a takarda ba. Kin kashe shi, ya tashi bai san kowa ba, kuma wanda zai gaya mashi hanya shina kwance Tambuwal." Ya ce ai ya faɗa a saƙon safe.

Na tambaye shi yaushe zai gyara. Ya ce in Allah ya yarda bayan la'asar.

Na dubi Malama. Ta ji komai, don wayata ba ta da sirri. Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi ta mayar. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Tambuwal ba ta tafiyuwa a minti talatin ko da rani, balle ranar da hanya ta sha ruwa. Na tsaya riƙe da waya, ni da na ce mata ni ce nan.

Injiniya bai kashe ba. Ya ce in saurara, kuma a karon farko tun da na san shi na saurara har ƙarshe. Ya ce a Kebbe akwatinsa biyu ne, namu da na ɗakin shan magani da ke bayan kasuwa, kuma kowanne da nasa layin zuwa dogon ƙarfe. In ba wanda ya taɓa na can, yana nan yana aiki.

Ban jira sallama ba. Na tura kwamfutar Malama a jaka, na ja ƙofar shago, na tsayar da kabu-kabu biyu. Ina gaba ina ce wa nawa ya yi sauri, yana ce mini laka ce, da yana da fukafuki ai da ya tashi. Malama tana baya a zaune ɗas, ta riƙe jakarta a ƙirji.

A ɗakin shan magani ranar awon yara ce, mata sun cika baranda, har da na rugage da suka sauko da ƙoren nono suka ajiye a gindin bango. Na kutsa ɗakin kati ba sallamar kirki. Mai kula da katin marasa lafiya wani dattijo ne mai son raha, mun saba, don ni nake zuwa duba musu na'ura. Na same shi a tsaye, ya ɗora ƙafa ɗaya kan kujera, hannunsa yana laluben bayan akwatin da ke saman kabad.

Ban san lokacin da na ce, "Baba, kar ka taɓa!" ba.

Ya juyo a firgice, ya ce lafiya, ko maciji ne. Ya ce tun safe jar fitilar nan take damunsa, layi ne ya hana shi, sai yanzu ya samu sarari zai kashe ya kunna. Na ce wa ya ce masa ana yin haka. Ya sauke ƙafarsa ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Ke mana. Ba ke kic ce in ta yi gardama in kashe in kunna ba?"

Ni ce kuwa. Da bakina na koya masa.

Na yi masa bayani a gurguje, Malama ta gaishe shi yadda ya kamata, ta nemi alfarma. Ya ce ai malamar 'ya'yansa ce, ko ɗakin duka take so ta ɗauka. Na fito da kwamfutarta na haɗa da akwatin. Ta ƙi shiga. Na sake, ta ƙi. Saura minti goma sha biyu. Hannuna ya fara ƙaiƙayi, wallahi sai da na kalli filogin nan. Na danne, na sake kiran injiniya. Ya ce ba za ta shiga ba, domin karɓar baƙo aikin kwantirola ne. Akwatin can bai taɓa ganin kwamfutar Malama ba, ba ta cikin jadawalinsa, kuma ba shi da ikon yanke shawara a kanta. Wadda ya sani ita ce ta ɗakin katin. Da ita za a yi, ko a fasa.

Dattijon ya ce ai a cikinta yake shigar da sunayen masu awo. Ya leƙa ya gaya wa babbar ma'aikaciyar da ke duba yara, ta ce ba komai, a koma biro na awa ɗaya. Ya rufe shafukan aikinsa da kansa, ya ɗauko wani tsohon littafi ya fita baranda yana cewa yau an koma zamanin da ya fara aiki. Na kwashe takardun Malama a filash na zuba, na buɗe mata wurin taron. Sha ɗaya saura minti uku fuskokin mutum uku suka bayyana, ɗaya yana shan shayi.

Ni kuwa na ja kujera na zauna a gaban soket ɗin da akwatin ke ciki, na ba shi baya. Nan na yi awa ɗaya da kusan rabi. Mutum biyu suka shigo neman wurin cajin waya, na ce babu. Ɗaya ta ce ai ga rami nan a bayana, na ce na gani, babu. Mai shara ta zo za ta matsar da kabad, na ce ta share ni tare da shi in tana so, amma ba zai motsa ba. A sama da kaina jar fitilar tana ta ƙiftawa, ni kuma ina zaune ina kallon korayen suna rawa, kowane ƙiftawa muryar Malama ce take wucewa zuwa inda aka rubuta mata tun jiya. Ban taɓa zama wuri ɗaya haka ba, ba tare da na taɓa komai ba. Ya fi mini wuya fiye da duk wani aiki da na taɓa yi.

Malama ta yi bayaninta a nutse, kamar tana gaban allo. Yara suna kuka a baranda, ana kiran sunaye. Ɗaya daga cikin malaman ya tambaye ta ko daga asibiti take magana, ko lafiya. Ta ce lafiya lau, a garinsu inda intanet yake nan ake zuwa. Suka yi dariya. Suka yi mata tambayoyi, wasu na ji ta amsa nan take, wata guda ta ce a ba ta lokaci ta duba shafi, ta duba ta amsa. Matan da ke kusa da taga, da suka gane jarrabawa ake yi, da kansu suka riƙa ja da masu kuka nesa. Daga ƙarshe aka ce ta ɗan jira, fuskokin suka ɓace, suka dawo, babbansu ya ce ta ci, sai 'yan gyare-gyare. Ta ce alhamdu lillahi sau ɗaya, a hankali, ta rufe kundinta. Dattijon kati ya leƙo ta taga ya ce to yanzu a ba shi kwamfutarsa kafin yatsunsa su karye.

Mun fito muka zauna a benci ƙarƙashin dalbejiya muna jiran abin hawa. Na tattaro duk abin da zan ce na ban haƙuri, na fara. Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. Ta ce tun ina aji uku haka nake, ba a gama tambaya nake ɗaga hannu, kuma rabin lokaci amsar daidai ce, shi ya sa ban daina ba. Sannan ta ce, "Ɗiyata, kunna muna saƙon nan na safe mu ji. Tun daga farko."

Na kunna. Muka sha gaisuwar nan duka, ruwa, iyali, damina, jikin mahaifiyar na Jabo. Daƙiƙa kaɗan bayan inda na kashe, sai ga shi: kwantirola ta samu matsala, za ku ga jar fitila, kada ta dame ku, intanet zai ci gaba da aiki, amma don Allah kada kowa ya kashe akwati. Ya maimaita sau uku. A na ukun ya ƙara da cewa, musamman ke ta Kebbe.

Malama ta yi dariya har sai da ta cire tabarau. Ni ban yi ba a lokacin. Sai da na kai gida.

Bayan la'asar injiniya ya tayar da kwantirola. Ina zaune a shago, ba abin da na taɓa, na ga jar fitilar ta ɗauke, korayen suka kama ɗaya bayan ɗaya. Cikin ƙiftawar ido akwatin ya karɓi jadawalinsa ya koma aiki kamar bai taɓa mantuwa ba. Washegari da ya zo, ban bari ya fara ba, na ce ya maimaita mini bayanin ranar nan duka, daga inda na sauka. Ya ce ashe na san na sauka. Ya nuna mini cewa ko manyan rauta na kamfanoni haka aka gina su a ciki, ɓangaren da ke tsara hanya daban, ɓangaren da ke tura saƙo daban, don in ɗaya ya yi tuntuɓe kada ya ja ɗayan su faɗi tare. Shi ma ya ɗauki nasa laifin, ya ce bai kamata kai ya zama guda ɗaya tak ba, daga baya ya ƙara kwantirola ta biyu. Ya kuma manna takarda a jikin kowane akwati. Ni na buga ta, kalma biyar ce: ja ba mutuwa ba ce.

Yanzu shekaru sun wuce, ni ke zagaya akwatunan nan, ni ke koya wa sababbi. Haƙuri dai har yau ban tara da yawa ba, ba zan yi muku ƙarya ba, kuma saƙon injiniya bai rage tsawo ba. Amma abin da ranar nan ta koya mini ya zauna. In abu ya nuna alamar ciwo, kafin in kai hannu sai na tambayi kaina wane ɓangare ne ya tsaya, wane ne kuma yake ci gaba da aiki, don sau da yawa wanda ke aikin shi ake kashewa da sunan gyara. Kuma in mutum ya fara magana, ko da gaisuwar damina ya fara, ina bari ya kai ƙarshe. Na riga na ga inda ake ajiye maganar da ta fi muhimmanci: daƙiƙa kaɗan bayan inda nake kashewa.